Shugabanmu mutumin kirki ne, to me ya sa ma'aikata ke gudu?

Tambaya: Malam, ina aiki a wata ƙungiya mai ma'aikata kusan arba'in. Shugabanmu ba ya cin mutuncin kowa, amma ba ya iya yanke hukunci. Duk abin da aka kai masa sai ya ce "za mu duba". Wasu tsofaffin ma'aikata huɗu ko biyar ne ke juya komai, ƙarin girma da zuwa horo ba sa wuce mutanensu. Mu mata da sababbin shiga in mun kawo shawara a taro sai a yi kamar ba a ji ba. Masu ƙwazo sun fara ajiye aiki. Laifin shugaban ne ko na waɗannan mutanen? In aka canza shi, abin zai gyaru?

Amsa: Malama, kirkin shugabanku ba ya wanke shi. Shugaban da ke cutar da mutane da tsawa da wulaƙanci kowa na ganinsa. Wanda ke cutar da su da "za mu duba" kuwa da wuya a kama shi, domin za a ce ai bai yi komai ba. To rashin yin komai ɗin shi ne laifin. Hukuncin da ya ƙi yankewa ba ya zaman jiransa. Wani ne zai yanke shi a bayan fage, ba ƙa'ida, ba kuma mai tambayarsa dalili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mutanen nan huɗu ko biyar ta tsagar da shugabanku ya bari suka shiga.

Su kansu, mai yiwuwa ne ba sa kallon abin da suke yi a matsayin zalunci. In kin tambaye su za su ce sun zaɓi wanda suka sani, wanda suka yarda da shi. Son namu yana da saurin tsirowa a zuciyar ɗan Adam fiye da yadda muke zato. A farkon shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam, Henri Tajfel, ya raba yara 'yan makaranta a birnin Bristol na Ingila gida biyu bisa dalilin da bai taka kara ya karya ba, wai zanen wane mai zane suka fi so. Yaran ba su ma san su wa ke ɓangarensu ba, lambobi kawai suke gani. Da aka ba su maki su raba, sai suka fifita 'yan ɓangarensu, har wasu suka gwammace ɓangarensu ya samu kaɗan muddin dai ya fi ɗaya ɓangaren. In haka ta faru kan zane, ina ga mutanen da suka yi shekaru suna aiki tare?

Wannan son zuciya kuma yana aiki ko da mai shi bai ankara ba. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a biranen Boston da Chicago na Amurka. Cancanta iri ɗaya, suna kawai aka sauya. Takardun masu sunan da ya yi kama da na farar fata sun samu kiran ganawa da kashi 50 cikin ɗari fiye da na masu sunan baƙar fata. A duk inda zaɓe ya dogara da "ya kwanta mini a rai", haka ake samu, kuma shugaba mai rauni shi ne wanda ya bar komai ya dogara da hakan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne maganar taro. Wanda aka yi biris da shawararsa sau biyu, sau uku, zai koyi yin shiru. Ranar da ya ga wata ɓarna tana tafe ma shiru zai yi. Daga nan ƙungiya ta makance, domin na sama ba sa jin komai sai abin da 'yan gaban goshi suka ga damar faɗa. A daren 27 ga Janairun 1986 injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin harba kumbon Challenger na Amurka sun yi gargaɗi cewa sanyi zai iya hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yin aikinsa, suka ba da shawarar kada a harba. Jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka mai kumbon, suka nuna rashin jin daɗi, sai manajojin kamfanin suka keɓe, suka dawo suka ce a harba. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse, mutum 7 suka mutu. Ilimin yana cikin ɗakin a daren nan, masu shi ne ba su da nauyin da zai sa a saurare su.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ga ɗaya fuskar lamarin a shekarun 1990, lokacin da take nazarin kurakuran ba da magani a asibiti. Sassan da ke da shugabanci mai kyau su ne suka fi yawan rahoton kuskure. Da aka bi diddigi, sai aka ga ma'aikatansu ne ba sa tsoron faɗin abin da ya faru, a wasu sassan kuwa ɓoyewa ake yi. Saboda haka in kika ji shugaba yana alfahari cewa ba a taɓa kawo masa ƙorafi ba, kada ki ɗauka lafiya ce.

To canza shi zai gyara? Zai taimaka, amma shi kaɗai ba zai isa ba. Shekara 17 bayan Challenger, a 2003, wani kumbon NASA mai suna Columbia ya tarwatse, wasu mutum 7 suka mutu, kuma kwamitin bincike ya sami irin halayen hukumar da suka jawo haɗarin farko suna nan daram, alhali shugabanni sun sauya. Sabon shugaban da za a kawo muku, su wa za su tarbe shi su gaya masa wane ne ke aiki, wace ce ke da taurin kai? Mutanen nan ne dai. In ba a sauya hanyar yanke hukunci ba, cikin 'yan watanni zai fara gani da idonsu.

Hanyar ita ce abin nema. A rubuta sharuɗɗan ƙarin girma da na zuwa horo kafin a ambaci sunan kowa. A tallata kowane gurbi ga kowa. Masu tantancewa su yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowannensu ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin su tattauna, domin da zarar babba ya furta ra'ayinsa sauran binsa suke yi. A taro kuma, ƙananan ma'aikata su fara magana, a rubuta wanda ya kawo shawara, wanda aka ɗora wa aiwatarwa, da ranar da za a waiwaye ta.

Ke kuma, kada ki je wa shugabanku da "ana nuna mana bambanci". Mai gudun rigima in ya ji haka zai ƙara noƙewa. Ki tattara abin da ake iya ƙirgawa: su wa aka ƙara wa girma a shekara uku da suka wuce, su wa suka je horo, su wa suka ajiye aiki. Ku je ku uku ko huɗu, har da namiji, har da tsohon ma'aikaci in an samu mai adalci a cikinsu, domin kada a mayar da maganar ta ƙorafin mata ko ta baƙi. Ku roƙi rubutacciyar ƙa'ida, ba ku nemi a hukunta wani ba. Irin shugabanku yakan karɓi ƙa'ida da hannu biyu, domin tana ɗauke masa nauyin cewa a'a, sai ya ce wa abokansa tsari ne ya hana. Ku nemi ya sa ranar ba da amsa. In ranar ta wuce shiru, kuma ƙungiyar tana da kwamitin amintattu ko hukumar gudanarwa a samansa, ku kai maganar can a rubuce, da alƙaluman da sa hannunku duka, ku kuma ba shi kwafi domin kada a ce kun zagaye shi.