Hukuncin sha da sayar da ruwan azurfar nano

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kemis, kuma an kawo mini wani ruwa da ake kira Nano Silver, wanda aka ce yana maganin taifot da ciwon suga. Mahaifiyata ta fara sha har ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti. Wani ɗalibi ya ce haram ne saboda hadisin da ya hana sha a ƙoƙon azurfa. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin komai, ka mayar da mahaifiyarka wurin likitanta yau ɗin nan, domin ajiye maganin suga ya fi abin da ka tambaya haɗari.

Abin da ake kira nano shi ne abu da aka niƙe har girmansa bai wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai dubun-dubatar nanomita. Azurfa idan ta kai wannan ƙanƙanta tana kashe ƙwayoyin cuta a bayan fata, shi ya sa ake sanya ta a bandejin ƙuna, kuma wannan halal ne.

Maganar ɗalibin ba ta tsaya ba. Hadisin Huzaifa da na Ummu Salama, Allah ya yarda da su, sun zo ne a kan mazubi, wato ƙoƙo da kwano, kuma malamai da yawa sun ce dalilin hanin shi ne alfahari da almubazzaranci da karya zukatan talakawa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a ƙwayoyin azurfar da ido ba ya gani. Azurfa ita kanta ba najasa ba ce: zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, Bukhari kuma ya ruwaito daga Anas cewa da ƙoƙonsa ya tsage an ɗaure shi da azurfa. Arfaja bin As'ad ma da aka yanke masa hanci ya sanya na azurfa, da ya yi wari Annabi (SAW) ya umarce shi da na zinariya. Idan an yarda da zinariya don magani, ta yaya za a hana azurfa da wannan hadisi?

Abin da ya canza hukuncin shi ne cutarwa da yaudara. Yawan shan azurfa yana sa ta taru a jiki, fata ta rine ta koma shuɗi-shuɗi mai toka, launin kuma ba ya fita. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba a tabbatar da amincin irin waɗannan ruwaye ko amfaninsu ba. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola a Legas, ministan lafiya ya sanar da cewa za a gwada Nano Silver a kan masu cutar, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta janye saboda bai cika sharuɗɗan bincike ba.

Don haka shan sa da niyyar warkar da suga ko taifot bai halatta ba, sayar da shi da wannan da'awa kuwa algus ne, ko da kai ma faɗa maka aka yi. Ka mayar wa dillalin kayansa, wanda ka riga ka sayar wa kuma ka neme shi ka gaya masa, ka mayar masa da kuɗinsa. Ka riƙa duba lambar NAFDAC, ka kuma sani lambar ba ta nufin kayan yana warkar da duk abin da dillali ya lissafa. Mahaifiyarka ka lallashe ta da taushin murya, kada ka tsorata ta, kuma ka kai wa likitan kwalbar ya gani. Allah ya ba ta lafiya. Allah ne mafi sani.