Tambaya da Amsa: Ɗakin tarihin auduga, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni malama ce ina koyar da tarihi a wata lekwal nan Garwa ta ƙasar Kamaru. An ba ni aji ɗaya da ba kowa a ciki nace zan maida shi ɗakin tarihin auduga da masana'antun garinmu, na liƙa hotuna da bayanai a bango amma yara suna shiga su leƙa minti biyu su fice. Wani yace sai na sa babban allon kwamfuta irin na taɓawa, kuɗin kuma babu. Dan Allah ya zan yi? Daga wata malama, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, wallahi wasiƙarki ta faranta min rai. Maganar allo ki ajiye ta tukuna. Da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, wata uku ba zai kai ba, kuma yaran nan duk sun saba shafa waya, ba abin da zai burge su a ciki.

Ki sa musu auduga a hannu. Tabarma a bakin ƙofa, kwando ɗaya na auduga mai angurya, dutsen gurza da ɗan ƙarfensa irin wanda kakanninmu ke murzawa. Kowane yaro a ba shi minti biyar ya gurza da kansa, sai a ɗora abin da ya samu a ƙaramin sikeli ya rubuta sunansa da nauyin da alli a jikin allo. Za ki ga yaro ya haɗa gumi, yatsu na ciwo, abin da ya fitar ko cikin tafi bai yi ba, nan da nan gasa ta tashi tsakaninsu kowa na cewa a ƙara masa lokaci. To a daidai nan ne zaki ce musu a 1793 wani Ba'amurke Eli Whitney ya ƙera injin gurza, kuma izin ɗin (wato masana'antar) Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, da suke wucewa kullum aikin nan dai yake yi. Yanzu maganar zata zauna tunda hannunsu ya ɗanɗana. Ki sa maƙeri ko kafinta ya haɗa miki ɗan inji na katako mai hannun juyawa, a rufe haƙoran da raga saboda yatsu, su gwada shi a gefen dutsen su ga bambanci.

Sai mazari. Ki roƙi wata tsohuwa mai kaɗi ta riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako (a ba ta ɗan na goro, kar a ce kyauta), ta shiɓa ta kaɗa suna gani, ta miƙa musu. Zaren zai ta tsinkewa a hannunsu suna dariya, a gefe kuma ga ƙyallen atamfar CICAM, masaƙar da aka kafa a 1965, nan Garwa aka riƙa kaɗi da saƙa sannan a kai Duwala a buga zane.

Shekarun kuma kar ki jera su a takarda. Ki zana taswira da fenti a ƙasan ajin, Binuwai ya ratsa ta tsakiya, ki ba su ƙananan buhuna su yi lodi. A da, da damina ne kawai in ruwa ya cika jiragen ruwa kan hawo tashar Garwa daga Najeriya, ki ce musu ruwa ya janye, to yanzu ta ina kaya zai bi? Su da kansu zasu gano amfanin jirgin ƙasa da ya iso Ngawundere a 1974, shekarar da Sodecoton ta karɓi aiki daga kamfanin Faransa CFDT. Madatsar Lagdo ta 1982 ma a nan zata shigo, don bayan ita ruwan kogin ya canza.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi, kar ɗakin ya zama na injina kaɗai. Akwai tsofaffin ma'aikatan izin da direbobin kamiyo da manoman da suka kwana a layin awo, suna nan a unguwanninmu kuma kullum raguwa suke. Ki tura ɗalibai bibbiyu da waya su ɗauko muryarsu, da Hausa da Fulatanci, a sa a ƙaramar rediyo mai memori wadda ke caji da sola. In kin samu dattijo daga kudancin Chadi ki tambaye shi zancen igiyar da ake auna gonar dole da ita zamanin Turawa, a rataye igiya irinta a bango yara su ja ta su ga faɗin abin da aka ɗora wa mutum guda.

Ki fara da tabarma da dutsen nan kawai, auduga kuma yanzu da kaka ta kusa iyayen yara ma zasu kawo miki. In kin gwada da aji ɗaya ki rubuto min nauyin da gwaninsu ya gurza.