Tambayi likita: sirrin mai jinya da wayar hannu

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni: Likita, tun bayan rasuwar maigidana nake zuwa wurin wata mai ba da shawara kan damuwa. Rannan sai ga labarina a status ɗinta na WhatsApp. Ba ta sa suna ba, amma ta faɗi sana'ata da yawan 'ya'yana, har kishiyata ta gane. Daidai ne?

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ba daidai ba ne, kuma raina ya ɓaci da jin haka. A Damagaram cire suna ba ya rufe asiri. Ka ce mace mai tuyar ƙosai, 'ya'ya biyar, ba ta daɗe da fita takaba ba, ai kafin la'asar unguwa ta gama sanin ko wace ce. Abin da kika faɗa a ɗakin nan kina share hawaye da bakin mayafi amana ce. Ko don faɗakar da jama'a ne, sai da izininki. Kada a ce miki ai bayan awa 24 zai ɓace. Wanda ya ɗauki hotonsa ya riga ya ajiye. Ki same ta ki ce ta goge, ba ki yarda ba. In ta ƙi, ki kai ƙara wurin shugabanta. Amma don Allah kada ki bar jinya, ki nemi wani.

Wani matashi daga Zango: Na nemi abota da likitana a Facebook, ya ƙi. Raini ne?

A'a, ɗana, mutunta ka ya yi. In kun zama abokai, mutane za su fara tambayar me ya haɗa ku, kai ma ka soma ɓoye masa wasu abubuwa. Ni ma haka nake yi.

Wani uba daga Mirya: Ɗana ya kamu da shan tramol. Wani a TikTok ya ce in tura kuɗi da muryar yaron, zai rubuta magani.

Alhaji, riƙe kuɗinka. Ba a auna mutum da saƙon murya, kuma ba ka san hannun da muryar za ta faɗa ba. Tramol in ya yi yawa yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya, yanke shi rana ɗaya kuma kan kawo zufa, ciwon jiki da rashin barci, shi ya sa ake rage shi sannu a hankali a gaban likita. Ku kawo shi babban asibitin Damagaram, ku zo da sauran ƙwayoyin da kuka samu a aljihunsa.