Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: amsoshin tambayoyin iyayenmu mata

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan karon, duk daga nan Damagaram, kuma duk a kan matan da suka haura shekara 50. Ni ma cikin sahunsu nake, na kuma yi shekaru ina aikin jinya, don haka zan yi magana kamar yadda za mu yi ta a kan tabarma ɗaya.

Tambaya ta farko daga unguwar Birni ta fito: "Shekaruna 61. Ɗana da ke aiki a Agadas ya aiko mini jika 40, ya ce in kula da kaina. Wata maƙwabciyata tana sayar da maganin kwalba daga waje, jika 25 na wata ɗaya, wai yana wanke jini, yana maganin tansiyo da suga da sanyi. Shekara 2 da suka wuce likita ya ce ina da tansiyo, na sha magani wata 3, na ji sauƙi na bari. In sayi kwalbar?"

Yaya Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Kada ki sayi kwalbar. Hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓɓai cututtuka uku ne, kowace da hanyarta, babu ruwa ɗaya da ke kashe su duka. Jini kuma ba tufa ba ne balle a wanke shi. Ƙoda da hanta ne ke tace shi dare da rana, su ne kuma kan fara jin jiki idan aka ɗura musu abin da ba a san haɗinsa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne kin bar shan magani. Mukan ce jiki magayi, amma hawan jini ba ya cikin cututtukan da jiki ke faɗa. Mace tana daka, tana zuwa biki, tana dariya, jininta na can sama, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Maganinsa kamar turke ne ga akuya: yana riƙe ta ne kawai, ranar da kika kwance igiya ta tafi. Sauƙin da kika ji aikin maganin ne, ba warkewa ba.

Ga yadda zan raba kuɗin da nawa ne. Da farko ki je farmasi ki sayi na'urar awon jini ta gida. Ki zaɓi wadda ake ɗaura wa a damtse, ki bar ta wuyan hannu, don ta damtse ta fi faɗin gaskiya. Ta zama mai aiki da batir. Kafin ki biya a auna kaurin damtsenki: maɗaurin da aka saba sayarwa na santimita 22 zuwa 32 ne, mu kuwa da yawanmu hannunmu ya wuce haka, kuma maɗauri in ya yi ƙanƙanta yakan nuna lamba sama da ta gaskiya. Akwai babba, na 32 zuwa 42. Ki tambayi farashi a wuri biyu ko uku, ranar da za ki ga likita kuma ki tafi da ita a gwada ta da tasu.

Wajen awo, ki zauna a kujera minti 5 kin jingina bayanki, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan wani abu daidai ƙirji. Ban da goro ko shayi rabin awa kafin nan, ban da hira ana cikin awo. Safe da dare har kwana 7, jikanki ya rubuta miki lambobin a littafi. A asibiti ana kiran 140 bisa 90 hawan jini, a gida kuwa daga 135 bisa 85 ake fara lissafi. Idan kika ga 180 bisa 120, musamman tare da ciwon kai mai tsanani, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ba a kwana da wannan, asibiti za a nufa.

Sauran kuɗin na ganin likita ne da awon suga da na ƙoda da maganin ƴan watanni. Ki sani ba kowane maganin hawan jini ne ke yi wa baƙar fata aiki daidai da yadda yake yi wa Bature ba. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 6, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin mutanenmu. Likita ne zai zaɓa miki, ba ni ba, ba kuma mai kanti ba. Na ambace shi ne don ki san yakan kumbura idon sawu ga wasu mata, in hakan ta faru ki koma a canza, kada ki ajiye shiru kamar wancan karon.

Sai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa sai mu jefa uku ko huɗu, mu ƙara gishiri, mu sa kanwa a wake da miyar kuka. Kanwa ma ƴar gidan gishiri ce wajen tayar da jini. Iyayenmu da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suka yi miyar da har yau muke tunawa. Ki rage a hankali, cikin ƴan makonni harshe zai saba. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Bari in faɗi wata magana da ba ki tambaye ni ba. Na san inda jika 40 ɗin nan za ta tafi in ba ki yi sauri ba: gudunmawar bikin ɗiyar ƙawa, ankon suna, zubin adashi, kuɗin makarantar jika. Duk alheri ne. Amma yaron nan kansa ya ce ki kula da kanki, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan da kike riƙe da shi ya fi bukatarki a tsaye.

Ta biyu wata ɗiya ce daga Sabon Gari: "Innata tana da shekara 68, gwiwoyinta sun hana ta sakat, har sallah da ƙyar. Tana sayen ƙullin ƙwayoyi wajen mai tallan magani, tana jin daɗinsu, har fuskarta ta ciko ana cewa ta yi kyau. Na ga ana tallan wata na'urar tausa mai aiki da lantarki. In saya mata?"

Ɗiyata, ajiye maganar na'ura tukuna, ki duba fuskar Inna. Cikar fuska ga tsohuwa mai shan ƙwayoyin da ba su da suna alama ce da ke ba ni tsoro. Cikin irin waɗannan ƙulle-ƙullen sau da yawa akwai dexamethasone ko danginsa. Yana kashe ciwo nan take, yana buɗe ciki, yana zagaye fuska, a ɓoye kuma yana tayar da suga da jini, yana cinye ƙashi har ƙaramar faɗuwa ta karya ƙugu. Akan haɗa shi da diclofenac ko ibuprofen, waɗanda in aka daɗe ana sha suke jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ga shi kuma tiren mai tallan yana yini cikin ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Kada ki ƙwace ƙullin yau ki zubar. In ta yi makonni tana shan irin wancan maganin, yanke shi lokaci guda yana iya kayar da ita. Ki ɗauki ƙwayoyin a leda, ki kai ta likita tare da su, a auna suga da jini, a rage mata a hankali.

Na'urar tausa tana da daɗi na ɗan lokaci, ba ta gyara gwiwa. Da kuɗinta ki sayi abubuwa uku. Kujerar roba mai ƙarfi mai hannu, wadda za ta yi sallah a kai in tsayuwa da sujada sun gagara, addini ya yi mata wannan sauƙi, ki sa malamin da take jin maganarsa ya tabbatar mata don hankalinta ya kwanta. Sai kujerar bayan gida, ko kafinta ya yi mata mai rami a tsakiya, domin tsuguno ne ya fi azabtar da irin wannan gwiwa. Sai takalmi mai taushin ƙasa mai riƙe dunduniya, a bar silifas ɗin da ya sule, musamman a wurin alwala da makewayi. In tana ɗingishi a ƙara da sanda, ta riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar da ke ciwo ba.

Na ciwo kuwa, farasitamol na farmasi, ƙwaya 2 ta miligiram 500, kada ya wuce sau 3 a yini. Akwai diclofenac na shafawa, ya fi na haɗiya sauƙi ga ciki. Amma babban maganin gwiwa naman cinya ne. Ta zauna a kujera ta miƙe, ta sake zama, sau 10, safe da yamma. Ta riƙa ɗan zagaye bayan asuba kafin rana ta buɗe, ko ta je gaida ƙawa da ƙafa bayan la'asar. Mun ɗauki "zauna ki huta, Inna" a matsayin biyayya, mun karɓe mata tsintsiya da tsinkar zogale da komai, alhali zaman ne ke ƙarasa ƙafar. Ki bar mata ƙananan ayyukan da take so. Idan tana da jiki, kowane kilo ɗaya da ta rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.

Ta uku daga Garin Malam: "Shekaruna 54. Ba na iya zura zare a allura, karatun Alƙur'ani ma sai na nisantar da shi. Na ga tabarau masu araha a Kasuwar Dole. Suna da illa? Mahaifiyata ta makance kafin ta rasu."

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Inna. Tabaran karatu na kasuwa ba sa ɓata ido. Daga shekara 40 zuwa 45 idon kowa ke fara gajiya da ganin kusa, lambobin kuma daga +1.00 suke zuwa wajen +3.00. Ki tafi da allura da zare ko da rubutun da kika saba karantawa, ki gwada, ki ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da ta ba ki gani sarai a tazarar kusan kamu ɗaya.

Jimlarki ta ƙarshe ce ta sa ba zan bar ki a nan ba. Hawan jinin ido ya fi yawa ga baƙar fata, yana kama mu da wuri, yana kuma bin dangi. Ba ya ciwo. Daga gefe yake fara cin gani, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Tabarau zai gyara miki karatu, ki ɗauka lafiya lau, shi kuwa yana aikinsa. Ki je sashen ido na babban asibitin Damagaram a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa jijiyar, ki faɗa musu zancen mahaifiyarki, ki kuma ja ƴan'uwanki su je. In an kama shi da wuri, maganin ɗigawa kullum yana tsare abin da ya rage. In kuwa yanar ido ce, aikin asibiti yana cire ta a sa wata ƙwayar roba a madadinta. Kada ki yarda da masu yawo suna soke ido su ture yanar ciki, na ga idanun da aka rasa ta wannan hanya. Haka duk maganin ɗigawa da ba likita ya rubuta ba, don wasu suna ɗauke da sinadarin da shi kansa ke tayar da hawan jinin ido.

Ta ƙarshe gajera ce, daga Zango: "Ina da shekara 57, bikin autata ya matso. Furfura ta fito, fatata ta bushe ta yi duhu. Wane mai da wane rini zan saya?"

Allah ya sanya alheri, uwar amarya. Bushewar fata bayan ɗaukewar al'ada abu ne da aka sani, hunturu kuma yana ƙara ta. Man kaɗanya tsantsa, a shafa da an fito wanka jiki da sauran danshi, ya fi yawancin abin da ke cikin kwali. Duk man da aka yi miki alkawarin zai haska ki cikin mako biyu ki bar shi a kanti. Irinsu ne ke ɗauke da hydroquinone ko clobetasol, suna sirantar da fata, su bar tabo baƙi a kumatu da gaɓoɓin yatsu. Baƙinki ba ciwo ba ne, shi ne ma ya sa fatarki ba ta tattare da wuri ba.

Furfura in kina son rufe ta, lallen gargajiya ya wadatar. Baƙin rini na kwalba yakan kumbura wa wasu kai da fuska, don haka in kin nace, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira kwana 2 kafin ki shafa, kuma kada ki fara gwada shi a makon biki. Ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu a goshi da gefen kunne, gashin wurin in ya tafi a shekarunmu ba ya cika dawowa. In kuma kika ga ko ɗigon jini bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa, kada ki jira a gama biki, ki je a duba ki a wannan makon.