Akwatin shawara ya cika da ƙura, ɗalibai kuma na gunaguni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin karatu na wata babbar makaranta a nan Damagaram. Wata shida ke nan da muka rataye akwatin shawara a bakin ƙofa, takarda huɗu kaɗai muka tarar a ciki. Amma kullum muna jin ɗalibai na gunaguni a tsakar makaranta. Ta yaya za mu ji ra'ayinsu har mu gyara aikinmu?
Daga wata ma'aikaciya, unguwar Birni

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwatin ba shi da laifi. Ɗalibi ba zai rubuta ba sai ya ga wanda ya rubuta kafin shi ya samu amsa. Don haka ki fara da waɗannan takardu huɗu. Ki kafa allo kusa da akwatin, ki raba shi gida biyu, ɗaya na abin da aka nema, ɗaya na abin da kuka yi, da kwanan wata. Abin da ya fi ƙarfinku ma ki rubuta shi a fili, misali: "Kun nemi mu kai ƙarfe 10 na dare, ma'aikatanmu ba su isa ba, mun kai maganar gaban shugabanni." A riƙa sabunta allon duk mako biyu.

Sai takardar tambayoyi, kuma a nan ake yawan kuskure. In kika tambayi mutum ko ya gamsu da ɗakin karatu, kunya za ta sa ya ce "lafiya lau", ki tashi ba ki samu komai ba. Ki tambaye shi zuwansa na ƙarshe. Wane littafi ya nema? Ya same shi? In bai samu ba, babu shi ne sam, ko an are shi, ko yana cikin rajista amma ba ya kan kanta? Kowace amsa da maganinta. Ta farko a sayo, ta biyu a ƙaro kwafi ko a rage kwanakin aro daga 14 zuwa 7 lokacin jarrabawa, ta uku kuwa gyaran jeri ne, ba ya cin ko dala. Kada tambayoyin su wuce 10, shafi ɗaya, babu wurin suna.

Akwai tsarin da ake kira LibQUAL+, wanda ƙungiyar manyan ɗakunan karatu na bincike ta Amurka ta fito da shi tare da Jami'ar Texas A&M. Tambayoyinsa 22 ne, kan yadda ma'aikata ke karɓar mutane, da sauƙin samun bayanai, da yanayin ɗakin kansa. Shiga cikinsa da kuɗi ne, amma dabararsa kowa na iya ɗauka: a kan kowane abu, mutum ya ba da maki uku daga 1 zuwa 9, wato mafi ƙarancin abin da zai yarda da shi, abin da yake fata, da abin da yake samu yanzu. Duk inda na ukun ya faɗo ƙasa da na farko, nan za ki fara gyara.

Kada ki tsaya ga masu shigowa. Wanda ya daina zuwa shi ne mai labarin da kike buƙata. Ki roƙi malamai minti 10 a ƙarshen darasi, a raba takardun a aji, daga ƴan shekarar farko har masu rubuta memuwar. Amsoshin mata a ware su daban, domin ƙara lokaci bayan magariba ba lalle ya amfani ɗalibar da ke komawa unguwa mai nisa ba. Wataƙila buɗewa ranar Asabar da safe ta fi mata. In za ku yi da waya, manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox na karɓar amsa ko babu intanet, ta aika daga baya.

Ki haɗa da ƙidaya. Mako biyu, duk bayan awa biyu, a ƙirga mutanen da ke zaune da kujerun da ba kowa. A maimaita a watan Afrilu ko Mayu. In ɗakin ya watse da azahar a bazara, maganar fanka da randar ruwa da wutar sola ce, kuma da wannan lissafin za ki shiga ofishin shugaba ki nemi kuɗi.

Tambaya: An taɓa raba mana irin wannan takarda, muka nemi mujallun bincike na zamani, aka ce babu kuɗi. Shi ke nan?
Daga wani ɗalibin kiwon lafiya, Zengu

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Nijar na cikin ƙasashen da jami'o'insu ke shiga Research4Life kyauta, wato shirin karanta mujallun bincike ta intanet. A cikinsa akwai Hinari na kiwon lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, da AGORA na noma. Makaranta ce ke yin rajista, ba ɗalibi ba. Ku rubuta buƙatar a takarda ta hannun wakilin ajinku, da sunayen mujallu biyar da kuke so, malami ɗaya ya sa hannu. Ku fara tambayar mai kula da ɗakin karatu ko an riga an yi rajistar, domin ya kan faru lambar shiga tana nan a ofis, ba a sanar da ɗalibai ba. In tana nan, ku nemi a ware muku awa ɗaya a nuna muku yadda ake bincike a ciki, ku goma goma.