Kada ka shanya tsohon jirgi a rana

Kai yaro, wai tambayata kake ko za ka shanya tsohon jirgin fiton nan da aka ciro daga laka a rana, ya bushe da wuri, ka shafa masa fenti a kai shi inda jama'a za su riƙa kallo. Wa ya koya maka haka? Ba dai a rumfata ta sassaƙa ba.

Katakon da ya daɗe a ruwa, ruwan ne ke riƙe da shi. Ka busar da shi farat ɗaya, ya tsattsage. Mutanen Suwidin da suka ciro jirgin Vasa a 1961, wanda ya nutse tun 1628, shekara 17 suka yi suna fesa masa magani kafin su bari ya bushe. Ku yaran yanzu mako guda ma ba ku iya jira, hankalinku na kan waya.

Wani alhaji a nan Yawuri ya taɓa kawo mini jirgin kakansa, maɗaci guda, sassaƙar gizago, wanda aka yi fito da shi tun kafin a datse Kainji. Ya ce a gyara a adana wa jikoki. Na sa shi a inuwa, na lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, ina rage masa ruwan a hankali. Da kuɗina na nemo busasshen maɗaci don cike inda ya ruɓe, domin abin da ya ba ni kafin alƙalami bai taka kara ya karya ba. Da Rigata, bikin wasannin ruwa na Yawuri, ta matso, sai ya ƙagu ya nuna wa baƙinsa. Ina kasuwa ya turo yaransa suka ɗauke, suka girke shi kan siminti a tsakar gida, iskar hunturu na kaɗawa, suka labta masa koren fenti. Jirgin ya dare tun daga goshi har gindi. Mutumin nan ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma bi gari yana cewa ni na lalata masa gado. A wannan shekarar da abin ya faru, aiki ya gagare ni. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Wanke laka da cire ƙusoshi masu tsatsa, wannan ba sai na gaya maka ba. Ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ka tokare cikinsa a wurare da dama kada ya lanƙwashe. Duk katakon da zai iya zama, bar shi da tabonsa, shi mutane za su zo gani. Ka faɗa wa mai jirgin, in sauri yake yi ya nemi wani masassaƙin.