Tambaya da Amsa: Na haɗa mota da hannuna a Kalifoniya, ta yaya zan samar mata lambar shasi da takardu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni mazaunin Sacramento ne a jihar Kalifoniya, shekarata 11 a Amurka, kanikanci kuwa tun a gida na koya kafin in taho. Yau shekara 3 kenan ina haɗa wata mota a garejin gidana, samfurin Cobra ɗin nan ta 1965 mai kujera biyu mara rufi, bodi da shasi sababbi na saya a wajen kamfanin da ke ƙera su suka turo min tare da takardar shaidar ƙira, inji da giyabos kuma na wata Mustang ce ta 1991 da ta yi hatsari, a intanet na ga wani mutum ya sa su a kasuwa, na je na ba shi kuɗi hannu da hannu na loda na taho, murnar arha ta sa ko rasit ban karɓa ba. Yanzu alhamdulillahi mota ta tashi, amma ba VIN (lambar shasi) ba taitil (takardar mallaka) ba lamba, tana nan a gareji ina kallonta kawai. Wani abokina ya ce in koma wajen mutumin in karɓo ɗan farantin VIN na Mustang ɗin in liƙa a tawa sai in yi rajista da sunan Mustang, wai haka kowa yake yi. Ni dai zuciyata bata kwanta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wani ɗan uwa a Sacramento.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a wannan aiki, haɗa mota tun daga ƙusa ta farko har ta tashi ba ƙaramin haƙuri bane. Toh bari in fara da maganar abokinka don ita ce ta fi tada min hankali. Kar ka yi. Wallahi kar ka taɓa farantin nan. Cire lambar VIN daga wata mota ko sauya ta laifi ne a dokar tarayyar Amurka da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 5, ita ma Kalifoniya tana da tata dokar da ta ba ƴan sanda damar ƙwace motar da aka taɓa lambarta, kaga kenan wahalar shekara 3 sai ta tafi a bayan janwe kana tsaye, kuma kai baƙo ne a ƙasar, shari'a irin wannan har zamanka tana iya taɓawa. Kuma abin baya ɓoyuwa. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba na kowace mota ta ɓangaren direba, za ka ga kan ƙusoshin da suka riƙe farantin ba irin na shagon kayan gini bane, a motocin Amurka da yawa kamar fure aka yi su, jami'in da ya saba da aikin kallo ɗaya zai yi ya gane an taɓa. Balle ma takarda ta ce Mustang mai rufi da kujera huɗu shi kuma yana ganin Cobra a gabansa.

Ita VIN ɗin nan da muke cewa lambar shasi, tun daga motocin 1981 aka tsayar da ita a kan haruffa da lambobi guda 17, babu I babu O babu Q a ciki saboda kar su rikice da 1 da 0, ukun farko suna nuna wanda ya ƙera, na 9 lissafi ne da ke tona asirin lambar ƙarya, na 10 kuma shekarar mota. Kai ba kamfani bane don haka ba ka da ikon ƙirƙiro wa motarka irin wannan, jiha ce za ta ba ta.

Kuma hanyar a buɗe take, ba wani abin ɓoye bane. Dokar motoci ta Kalifoniya sashe na 580 ta san da irin motarka, wadda mutum ya haɗa don amfanin kansa ba don kasuwa ba, a takarda SPCNS ake rubuta mata. Ka saki ranka da wannan tun yanzu, taitil ɗinka ba zai ce Ford ko Shelby ba, SPCNS zai ce.

DMV, wato hukumar rajistar motoci ta jihar, za ka fara zuwa, ba motar za ka kai ba, takardu za ka kai. Fom ɗin REG 343 na neman taitil da rajista, sai REG 5036 inda za ka bayyana yadda ka haɗa motar da inda ka samo manyan sassanta wato bodi da shasi da inji da giyabos da kuɗin da kowanne ya ci, sai REG 124 wanda da shi za a tura ka a ba motar lamba. Ka tafi da asalin takardar shaidar ƙira ta kamfanin, ba hotonta ba. Ka faɗi gaskiyar kuɗin da ka kashe ko da kuwa zai ƙara maka haraji, don da shi ake lissafin kuɗin rajista kuma kai ne ka sa hannu a kai. Wani abu da mutane ke raina wa, rasit ɗin shagunan kayan mota irin mai santsin nan rubutunsa gogewa yake, wanda ka jefa a kwalin takalmi shekara 3 da suka wuce in ka buɗe yau kana iya tarar da farar takarda sai ɗan inuwar lambobi, don haka daren nan ka zauna ka ɗauki hoton kowanne ka buga kwafi ka jera su a fayil, na inji daban na birki daban.

Yanzu ga inda matsalarka take, injin nan mara rasit. Ka gane abin da hukuma take nema a duk wannan zirga-zirgar, ba kyan fentinka ya dame su ba, so suke su tabbatar babu kayan sata a jikin motar. Toh ka nemi mutumin nan tun yana da rai kuma bai canja lamba ba, ka koma tsofaffin saƙonninku ka kira shi cikin mutunci, ka ce ya rubuta maka takardar ciniki, DMV na da fom ɗinta REG 135, a sa sunansa da naka da ranar ciniki da farashi da cikakkiyar VIN ta Mustang ɗin da aka ciro injin. Kafin ma ka je ko'ina ka sa wannan VIN a shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar da ke yaƙi da satar motoci da zambar inshora, kyauta ne, zai nuna maka in kamfanin inshora ya taɓa kai rahoton an sace motar. In ya fito da sata toh tsaya nan, lauya za ka nema kafin DMV. In kuma mutumin ya ɓace, akwai REG 256 da za ka rubuta bayanin yadda aka yi, ka haɗa da hoton tallan da saƙonnin da shaidar cire kuɗi daga banki, kuma tunda darajar motarka ta haura dala 5,000 ka shirya ana iya cewa ka kawo takardar lamuni daga kamfanin inshora, wadda za ta tsaya idan wata rana wani ya fito ya ce injinsa ne. Kuɗi ne za ka biya amma ya fi kwana da fargaba.

Ranar da ka je DMV ɗin akwai abu ɗaya da nake roƙonka kar ka fito baka tambaya ba, lambar jeri ta SB 100. Doka ce ta 2001 da ta ware gurbi 500 kacal a kowace shekara ga motocin haɗi, wanda ya riga shi ya samu, a shekarun farko ma ranar aikin farko ta Janairu suke ƙarewa. Amfaninta shine a wajen gwajin hayaƙi za a bar ka ka zaɓa, a auna motar da shekarar injinta ko da shekarar da bodinta ya yi kama da ita, kai kuwa bodinka na 1965 ne, in kuma bodi bai yi kama da kowace mota ba sai a ba shi 1960. In baka samu wannan lamba ba injinka na 1991 za a bi, sai ka mayar masa da duk kayan tace hayaƙin da ya fito da su daga kamfani sannan ka riƙa kai ta gwaji duk bayan shekara 2. Ba kowane ma'aikaci ne yake cin karo da irin wannan fayil kullum ba, ka yi haƙuri ka faɗi sunan abin da kake nema a fili.

Daga nan sai CHP, ƴan sandan manyan hanyoyin jihar. Su ne masu ba irin motarka lamba, masu duba VIN na kuɗi da ke zuwa har gida ba huruminsu bane a nan, kar ka ɓata kuɗinka. Waya za ka yi a ba ka rana, ka kai motar a kan tirela ko ka karɓi izinin tuƙi na wucin gadi a DMV. Kafin ranar ka samu tsumma da burushi ka goge duk inda aka buga lamba a jikin bulok da giyabos da shasi har su fito tas, in fenti ya rufe ka cire shi a hankali da maganin cire fenti, kar ka kusanci wajen da giranda don duk lambar da aka ga alamar gurza a kanta zargi take jawowa. Ka tafi da tocila da fayil ɗinka. Sau da yawa jami'in zai shiga da motar ciki ya ce ka jira a waje, kar ranka ya ɓaci, akwai wuraren da suke dubawa da basa son kowa ya sani. In komai ya yi daidai zai liƙa ɗan faranti mai lambar jiha a jikin ginshiƙin ƙofa ko shasi ya cike maka takardarka, wannan ita ce VIN ɗin motarka har abada.

Sauran masu sauƙi ne. Gwajin lafiyar mota a tasha mai lasisi, da can takardar birki da fitila ake cewa, a 2024 aka faɗaɗa shi. Sai jami'in duba hayaƙi na BAR, hukumar jihar da ke kula da harkar gyaran motoci, ya duba ya manna takardarsa. Sai ka koma DMV da shaidar inshora ka karɓi lamba, taitil kuma ya biyo ka ta gidan waya. Inshorar ma ka nemi kamfanonin da suka saba da motocin haɗi ku yi yarjejeniya a kan darajarta tun farko.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni a Houston nake, nima ina da motar haɗi amma niyyata in turo ta gida Kano ne, tunda ba a nan zan hau ta ba dole ne sai na yi mata duk wannan wahalar?

Daga wani mai karatu a Houston.

AMSA: Barka kadai ɗan uwa. Ni dai shawarata ka yi mata. Kwastan na Amurka suna so a gabatar musu da takardun mallakar mota aƙalla awa 72 kafin a loda ta a jirgi, kuma lambar da ke takarda suke gwadawa da ta jikin mota, wadda bata da ko ɗaya kaga tun a tasha za ta tsaya kuɗin ajiya yana ta hawa. A can gida ma tun 2022 kwastan na Najeriya da VIN suke ƙiyasta kuɗin fito, lambar da jiha ta bayar ba lallai na'urarsu ta karanta ta kamar ta kamfani ba, don haka ka tura wa ejan ɗinka na Legas hoton taitil da na farantin ya bincika maka yadda za a yi mata ƙima tun kafin ka biya kuɗin jirgi. Sannan kar ka ɗauki fom ɗin da na lissafa a sama, na Kalifoniya ne, kowace jiha da nata tsarin. Ku a Texas jami'in sashen yaƙi da satar motoci ne yake duba ta ya cike fom VTR-68-A, da shi za ka je ofishin yanki na hukumar motocin jihar a ba ka lamba, kuma suna neman bakanike mai shaidar ƙwarewa ta ASE ya duba lafiyarta. Layin ganin jami'in nan yakan yi tsawo a manyan birane, ka kira ka kama rana tun yanzu.